Tubalin Wutar Aƙilu

Duk wanda ya ci shinkafar sunan Batul a Ƙofar Gayan ya san an yi abu a ranar, amma kowa da yadda yake ba da labarin. Har na ji wata a gidan biki tana cewa wai gobara aka yi. Ba a yi gobara ba. Da an yi, ai da shinkafa ta dahu da wuri. Ni ce kakar mai abin, a gabana aka fara, kuma akwai hannuna a ciki, don haka bari in faɗi yadda aka yi.

Aƙilu jikana ne, ɗan babban ɗana marigayi, kuma a bayana ya girma. Yaro ne mai kirki. Ba ya sata, ba ya shaye-shaye, salla ba ta wuce shi. Ciwonsa ɗaya ne: in ya ji rabin magana sai ya ƙarasa sauran da kansa, daga nan kuma ya fi mai maganar sani. Ya taɓa kiwon kifi a bahon wanka. Ya taɓa gyaran waya, tawa tun da ya taɓa ta in aka kira ni fitilarta ce take kamawa. Shekararsa talatin da huɗu, kuma har yanzu ban san sunan sana'arsa ba.

Matarsa Rahmatu 'yar Tukur-Tukur ce, 'yar Alhaji Jumare, dattijon da ba ya yawan magana amma ba ya mantuwa. Tana da wa, Injiniya Muntasir, yana aiki a wani kamfanin siminti can nesa. Wata rana ya zo hutu, suka je gaishe shi. A cikin hira ya ce kwal da gas sun yi wa kamfaninsu nauyi, yanzu sun fara ƙona shara a tanderun da suke gasa dutse: tsofaffin tayoyi, ɓuntun shinkafa, ledoji, ragowar kayan masana'antu. Ya ce har suna neman masu kawo musu. Rahmatu ta ce min yayanta ya ci gaba da bayani mai tsawo, amma shi Aƙilu tuni ya miƙe yana neman takalminsa.

Tun daga zaure na ji shi.

"Amarya! Amarya, kina ina?"

Haka yake kirana, ni kuma in ce masa maigida, wasan kaka da jika.

"Ga ni, maigida. Wa ya biyo ka?"

"Daga yau kin daina zama kakar talaka."

"Alhamdu lillahi. Wa zai ɗauke ni?"

"Shara, Amarya, shara! Duk jujin da ke cikin ganuwar nan makamashi ne. Mutane na kwana a kan arziki ba su sani ba. Ni zan tara shi, in sarrafa, in ba kamfanin siminti. Tirela za ta riƙa zuwa ƙofar gidan nan."

"Ta wane lungun? Wanda in mai babur ya shigo sai mun manne da bango?"

"Wannan matsalar direba ce."

A lokacin cikin Rahmatu wata bakwai, haihuwa ta biyu, don haka a gidanmu za ta haihu. Kowa ya san abin da ke kan miji a irin wannan lokaci: itacen jego. Kwana arba'in mai jego za ta yi tana wankan ruwan zafi safe da yamma, ga kuma girkin suna. Mazan kirki tun ciki na wata shida suke fara jibge itace a tsakar gida, har dangin mata in sun zo dubiya su saci kallon tsayinsa. Na tuna masa.

Ya dube ni kamar na zage shi. "Itace? Ni da zan ba kamfanin siminti wuta, ni zan sayi itace? Da makamashina za a dafa ruwan jego. Ranar suna kuma a gaban Yaya Muntasir za a dafa shinkafa da shi. Yana gani zai ciro biro."

"In bai kama ba fa?"

"Amarya, ki daina yi wa kamfani baki."

Washegari ya ari baro, ya bi gida gida yana shelar kowa ya daina zubar da shara, shi zai kwashe. Matan unguwa suka sa masa albarka irin wadda ba su taɓa sa masa ba. Har daga wasu unguwannin aka fara aiko masa. Kwana goma kangon bayan gidanmu ya cika, awakin unguwa suka tare a can, ƙudaje suka gayyato danginsu.

Na je na duba abin da ya tara. Sharar birni ai mun san ta, mu muke yin ta. Toka ce, da ƙasar tsakar gida, da kashin awaki, da ɓawon albasa, sai ledoji jefi jefi.

Na ce, "Maigida, rabin wannan toka ce."

"To?"

"Toka ai wuta ta riga ta gama da ita."

"Wutar murhunki ta gama da ita. Ba ki san wutar kimiyya ba."

Matsala ta farko, abin ya ƙi haɗuwa. In ya dunƙule shi a hannu, yana buɗewa sai ya watse. Ya yini yana tunani a kan tabarma, ƙafa ɗaya kan ɗaya. Da la'asar ya yi tsalle ya tashi.

Gidanmu gidan magina ne. Marigayi kakansa ya gina rabin zaurukan unguwar nan, kuma Aƙilu yana yaro ya sha ganin yadda ake tubali, ko da yake bai taɓa yarda ya koya ba. Sai ya sa aka kawo masa jar ƙasa, ya zuba a kan sharar, ya kwarara ruwa, ya naɗe wando ya shiga yana takawa kamar yadda magina suke yi. Taku na bakwai ya sami kwalba. Ya fito yana tsalle da ƙafa ɗaya, ya ɗaure da tsumma, ya koma. Ya sami ƙayar kifi da ɗaya ƙafar.

Na ce, "Kakanka shekara hamsin yana yin tubalin ƙasa don kada gida ya ci wuta."

"Shi gini yake yi, ni makamashi nake yi. Niyya ta bambanta."

"Ita wutar ta san niyya?"

Ya ce a bar kwaɓin ya kwana uku ya ruɓa, haka magina suke yi. Ya kuwa ruɓa. A rana ta biyu gidaje biyu suka yi faɗa, kowa na cewa masan ɗan'uwansa ne ya fashe. A rana ta uku liman ya gajarta karatu a sallar magariba. Kande, maƙwabciyarmu, wadda ita ce ungozomar unguwa, ta leƙo ta katanga da mayafi a hanci.

"Hajiya Uwa, wani abu ya mutu a gidanku ne?"

Aƙilu ya amsa mata daga cikin kwaɓin. "Baba Kande, wannan ƙamshin ci gaba ne."

"To ci gaban ya shiga min miya."

Ya mulmula su ɗaya bayan ɗaya, masu faɗin gindi da tsinin kai, sak tubalin kakansa, ya jera a rana. Sun yi kyau, ba zan ɓoye ba. Da hadari ya fara haɗuwa sai tsoro ya kama shi kada ruwa ya narkar da su, ya nemo makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ake shafe gini da shi don kada ruwa ya ratsa, ya shafe su tas. Suka bushe suka yi ƙarfi, in ɗaya ya faɗo maka a yatsa sai ka kira sunan uwarka. Ya jibge su a bayan gida har suka toshe ƙofar baya.

Rahmatu ta haihu ranar Asabar da hantsi, mace, lafiya lau. Aƙilu ya fita da waya a kunne yana sanar da duniya, ya bar mana umarni: tubali shida sun isa tukunyar wanka.

Kande ta jera shida. Ta ƙyasta ashana. Ta sake. Ta ƙarar da kwali guda. Ta zuba kananzir, wuta ta tashi fuu, ta lashe kananzir ɗin, ta mutu, tubali na zaune ko gezau. Kande ta yi ta busa har idonta ya yi ja.

"Hajiya Uwa, ni dai na taɓa hura ɗanyen itace, na taɓa hura kashin shanu, amma ban taɓa hura bango ba."

Ga mai jego a ɗaki tana jira, jikinta duk ciwo. Ni kuma tsohuwa ba ta rasa ɓoyo. Ina da ɗaurin itace biyu a ƙarƙashin gado tun bara. Na jawo su, muka tura tubalan gefe suka zama murhu, muka sa itace a tsakiya. Nan da nan ruwa ya fara tafasa.

Daidai nan Aƙilu ya shigo. Ya tsaya a bakin tsakar gida. Daga inda yake ba abin da yake gani sai tubalansa a cikin harshen wuta, da tukunya tana tururi.

"Allahu akbar," in ji shi a hankali. "Amarya, ya kama."

Kande ta buɗe baki, na mintsine ta a cinya. Idon yaron nan ya ciko da hawaye. Tun da aka haife shi ban taɓa ganin abin da ya taɓa ya yi kyau ba, shi ma bai taɓa gani ba. Na duba fuskarsa, na kasa faɗa masa gaskiya. Na ce, "Ka fita, nan wurin mata ne." Wannan shi ne laifina, kuma ban ɗora wa kowa ba.

Ɗaurin itacena ya ƙare ranar Litinin. Talata muka fasa tsohon turmina. Laraba kujerar tsuguno biyu suka tafi. Alhamis ƙofar akurkin kaji, kaji suka kwana a ɗakina. Kande ta kawo muciyarta da ta karye da wani katakon gado. Kullum sai mun jira ya fita, mu hura, in ya dawo ya leƙa daga nesa ya gyaɗa kai.

Ranar Juma'a ya zo ya tsuguna a gaban murhu bayan wuta ta mutu, ya ƙirga tubalan da yatsa.

"Amarya! Zo ki ga abin mamaki. Kwana shida ana dafa ruwa, shida na sa, shida ne har yanzu. Ko gefe bai ci ba!"

"Ikon Allah."

"Kwal yana ƙarewa. Gas yana ƙarewa. Nawa ba ya ƙarewa! Ko su Turawa ba su kai nan ba."

Kande ta shige banɗaki da sauri, na ji ta tana tari.

Gobe suna. Buhun shinkafa na jingine, rago na ɗaure, matan Tukur-Tukur za su zo bayan azahar mota mota, kuma a gidan nan ba sauran abin ƙonawa sai gadona. In baƙi suka zo ba abinci, ba Aƙilu za a zaga ba, gidan za a zaga, a ce 'yar Alhaji Jumare ta haihu a inda ba a iya hura wuta. Na aiki Kande wurin Bahago mai itace: amalanke ɗaya, bayan sallar asuba, ta ƙofar baya, kada kowa ya gani.

Na manta tubali sun toshe ƙofar baya.

Da safe maza suka cika ƙofar gida, aka shimfiɗa tabarmi, Alhaji Jumare na zaune kusa da liman cikin farar babbar riga. Aka raɗa suna Batul, aka yi addu'a, ana rabon goro da dabino. Ni ina zaure bayan labule ina leƙe. Sai ga Bahago ya kunno kai ta gaba, yana tura amalanke shaƙe da itace, yana haki.

"Salamu alaikum. Na zaga baya na tarar an gina katanga. Ina za a sauke?"

Aƙilu ya miƙe, ya gyara hula. "Sauke me?"

"Itacen suna mana."

"Malam Bahago, ka yi ɓatan kai. Gidan nan ya bar itace. Jama'a, ku shaida, daga yau an daina sare daji saboda girki a Ƙofar Gayan. Ka juya kawai, kuma shawara nake ba ka, ka fara neman wata sana'a."

"Ni dai aiko ni aka yi."

"Wanda ya aiko ka bai san zamani ya canza ba."

Na yi ta yi wa Bahago alama da hannu ta gefen labule, shi kuma ya ɗauka korarsa nake yi. Ya juya amalankensa yana gunaguni. Ina ji ina gani itacena ya sha kwana ya ɓace.

Aƙilu bai tsaya nan ba. Ya ce yau ba a cikin gida za a yi girki ba, a fito da tukwane ƙofar gida kowa ya gani da idonsa. Na aika a kira shi, ya aiko cewa yana tare da manyan baƙi. Aka fito da manyan tukwane uku, aka cika su da ruwa. Ya jera tubali a ƙarƙashin kowace, da yawa, don a cewarsa yau ranar nuni ce. Wasu da suka fara sa takalmi za su tafi suka cire suka koma suka zauna.

"Bismillah," in ji Aƙilu, ya ƙyasta ashana.

Ta mutu.

"Iska ce."

Ya sake. Ya sake. Ya ce a kawo kananzir. Wuta ta tashi, mutane suka ce "Ah!", ya juyo yana murmushi yana ɗaga hannu, kafin ya juya ta mutu.

"Tana ɗumama ciki ne tukuna. Irin wannan wutar daga ciki take farawa."

Ya durƙusa yana busa. Ya karɓi mafici. Ya cire hula yana fifita da ita. Ya cire babbar riga. Rana ta ɗaga. Wani tela ya tsoma yatsa a tukunya ya ce, "Wallahi ruwan ya fi ɗazu sanyi."

Liman ya ce, "Malam Aƙilu, ko a yi mata addu'a ne?"

"A'a, Malam, ba ta kai nan ba."

"To mu a yi mana, don yunwa ta fara."

Alhaji Jumare na zaune inda yake. Carbinsa kawai yake ja, yana kallon surukinsa a durƙushe da fuska a gindin tukunya.

Da abin ya ƙi, Aƙilu ya ruga bayan gida ya dawo da rungumen ledojin fiya wata da yankakkiyar tayar babur. "Ai har da wannan kamfani yake ƙonawa," in ji shi, ya cusa su tsakanin tubalan, ya ƙara kananzir.

Wannan kam ta kama. Hayaƙi ya tashi baƙi ƙirin, mai kauri, kuma lungunmu ba shi da faɗin da hayaƙi zai fita, sai ya kwanta a kan mutane. Aka fara tari. Liman ya ja rawani ya rufe hanci. Ragon da aka yanka aka rataye ya fara canza kala. Farar rigar Alhaji Jumare ta koma kalar toka da ɗigo ɗigon baƙi. Wata maƙwabciya ta hango hayaƙi ta katanga, ta kwarma ihun gobara, ta ɗago bokiti ta watsa, bai sami wuta ba, Aƙilu ya samu.

A cikin wannan hali Injiniya Muntasir ya iso. Motarsa ta kasa shiga lungu, ya baro ta can bakin titi ya tako. Bai ko yi sallama ba, ya sa ƙafa ya watsa tayar, ya ce a zuba ƙasa. Da hayaƙi ya lafa ya ɗauki tubali ɗaya, ya jinjina, ya buga da ƙasa. Ƙasa ce ta fashe, ba tubalin ba.

"Aƙilu, mene ne wannan?"

Aƙilu yana ɗigar ruwa, fuska baƙa sai idanu. "Makamashi ne, Yaya. Irin wanda ka ce."

"Ni na ce? Me ka sa a ciki?"

"Shara zalla. Sai 'yar jar ƙasa don ya kama jikinsa. Sai makuba."

"Da toka," in ji Kande daga zaure.

Muntasir ya dafe kai. "Bawan Allah, mu kafin shara ta shiga tanderu sai an tsince ta, an fitar da ƙasa da toka da kwalba da ƙarfe, an busar da ita, inji ya yayyanka ta ƙanana, an gwada ta a ga ko za ta ci. Kai duk abin da muke fitarwa shi ka tara, ka ƙara masa ƙasa. Tanderun namu kuma dutse yake narkarwa, akwai injin da ke tace hayaƙinsa. Ba a dafa abinci da taya da leda, guba ce. Ga jaririya a gida!"

"Amma yana ci, Yaya! Wallahi yana ci! Kwana shida da shi ake dafa ruwan jego. Ku tambayi kakata. Amarya! Hajiya! Fito ki faɗa musu!"

Duk idanu suka juyo kan labule. Ga liman, ga suruki, ga yaro ya rantse da Allah a kan ƙaryar da ni na shuka. Na gyara mayafi na ɗaga labulen kaɗan.

"Maigida, ruwa ya tafasa, gaskiya ne."

"Kun ji!"

"Amma da itacena ya tafasa. Da ya ƙare, da turmina. Da kujeru biyu. Da ƙofar akurki."

"Da muciyata," in ji Kande.

"Tubalinka murhu muka yi da shi. A nan kam ba shi da na biyu."

Tela ne ya fara dariya, sai ta bi tabarma kamar an kunna ta. Liman ya yi ƙoƙarin riƙewa har rawaninsa na rawa. Aƙilu ya tsaya baki buɗe, ya dube ni, ya dubi tubalan, ya sake dubana. Alhaji Jumare ya kakkaɓe hannun rigarsa, ya yi magana karo na farko tun safe.

"Matanmu ƙarfe biyu za su iso. Me za su ci?"

An kusa azahar. Aka aika neman Bahago, aka tarar ya sayar da itacen ga masu waina ya tafi ƙauye. Ko da an samo wani, manyan tukwanen nan ba za su dahu kafin la'asar ba, ga shi sun sha hayaƙin taya sai an wanke su da toka.

Kande ce ta ɗaura ɗankwali. Ta tsaya a tsakar gida ta ƙwala wa matan lungu kira ta kan katanga, kowa da sunanta. Gida tara suka amsa. Aka farke buhu, aka raba shinkafa kwano kwano, aka raba mai da kayan miya, aka wanke nama aka raba. Mai gas ta kunna gas, mai gawayi ta hura gawayi, mai kara ta sa kara.

"Wa zai kai, wa zai ɗauko?" in ji wata.

Kande ta nuna Aƙilu. "Ga manajan kamfani nan."

Haka ya yini, tukunya a ka, daga wannan gida zuwa wancan, da tsumman ƙafarsa yana ɗingishi. Duk zauren da ya yi sallama sai an tambaye shi. "Manaja, ya wuta?" "Manaja, a kawo sharar yau ko a dakata?" Wata tsohuwa ta ce in ya gama ya aro mata tubali uku, murhunta ya fashe. Bai tanka wa kowa ba, abin da ban taɓa gani ba.

Matan Tukur-Tukur suka iso ƙarfe biyu, muka tare su da kunu da hira da miƙa jaririya daga hannu zuwa hannu. Kowa ta ɗauke ta sau biyu. Ana kiran la'asar tukwane suka fara shigowa. Ta gidan farko fara ce da miya. Ta biyu dafa-duka. Ta uku an sa mata wake da manja don mai gidan ta ce haka ta iya. Wata ta yi yaji har ana hawaye, wata ta caɓe sai da aka mulmula ta tuwo. Aka jera a faranti.

Wata gwaggon Rahmatu, mai gwal a haƙori, ta ɗanɗana wannan ta ɗanɗana wancan, ta ce, "Kai, mutanen cikin birni akwai iya karɓar baƙi. Suna ɗaya, girki kala tara!"

Aƙilu yana bakin ƙofa da tukunyar ƙarshe a ka. Na ga ƙirjinsa ya fara tasowa.

"Ai Gwaggo, tsari ne. Tun farko na..."

Na dube shi. Ya sauke tukunyar ya fita.

Kowa ya ci ya ƙoshi, har aka ƙulla wa wasu a leda. Da baƙi suka watse, kafin magariba, ya shigo ɗakina ya zauna a ƙasa, tunda ba kujera. Na tura masa ƙanzon da na ɓoye masa. Ya fara ci.

"Me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"Na faɗa maka tun kana cikin kwaɓi, ka ce niyya ta bambanta. Daga baya kuma na ga kana murna, na kasa. Ka yafe min wannan."

"Har da turmin?"

"Har da turmin."

"Na aurenki ne fa."

"Ya tsufa. Ci abincinka."

Ya ce Yaya Muntasir ya ce in da gaske yake, ya je ya same shi ranar Laraba, akwai ƙyallayen teloli da ɓuntun masu casar shinkafa da za a iya tarawa a buhu a bushe. Na ce to, ya je, amma ya bar takalminsa a waje mai nisa, don wannan karon ya ji bayani har ƙarshe.

Saura kwana talatin da uku na wankan jego, kuma gidan ba ko tsinke. Ina cikin wannan tunani washegari da safe sai na ji sallamar Bahago. Amalanke biyu, manyan gungume, ba a faskara ba. Ya ce daga Alhaji Jumare, kuma an ba shi saƙo kala biyu: a damƙa itacen a hannun Hajiya Uwa, gatarin kuma a hannun Aƙilu.

Yanzu haka da nake rubutun nan yana ƙofar gida yana faskare, gumi har gwiwa. Ɗazu na ji tela ya tsaya yana tambayarsa, "Manaja, an koma itace ke nan?"

"Wane irin komawa? Nazarin abokin hamayya nake yi. Sai ka san cikinsa kafin ka kayar da shi."

Na ɗaga labule na ce, "Yi ta nazari, maigida, amma ka ƙanƙanta su. Mai jego na jiran ruwa."